Sabha da Hanyar Fezzan a Alƙalamin Matafiya da Marubuta

Sabha ita ce babban birnin Fezzan, yankin kudu maso yammacin Libiya, kuma tana da nisan fiye da kilomita 600 kudu da Tarabulus. Fezzan ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce. Jerin kwaruruka ne masu dabino da rijiyoyi, Wadi Shati da Wadi Ajal da kwarin Murzuk, waɗanda tudun rairayi da faƙon duwatsu suka raba tsakaninsu. Abin da ya ɗaukaka ta tun zamanin da shi ne inda Allah ya ajiye ta: gajeriyar hanya daga gaɓar Bahar Rum zuwa Tafkin Chadi ta cikinta ta ratsa, ta Gatrun da Tummo da Kawar har Barno, wata kuma ta karkata yamma ta Gat da Abzin ta sauka Katsina da Kano. Waɗanda suka bi wannan hanya sun fi waɗanda suka zauna a kanta yawa nesa ba kusa ba, kaɗan daga cikinsu kuma sun bar labari a rubuce. Labaran nan, na tarihi da na ƙirƙira, kusan duk tambaya ɗaya suke kewayawa: me ɗan Adam ke aikatawa idan ya yi nisa da sarki da alƙali da idon dangi.

A adabin Turai amsar da ta fi shahara ita ce ta William Golding a littafinsa Lord of the Flies na 1954, inda wasu 'yan makarantar Ingila suka tsinci kansu a tsibiri ba babba ko ɗaya, ba a daɗe ba suka shiga farautar junansu. A wannan fahimta doka ce ke danne muguntar da ke cikin mutum, da ta kau sai muguntar ta yi tsiri. Rubuce-rubucen da suka shafi Fezzan sun saɓa da haka. Mafi munin abin da suka ruwaito ya faru ne a lokacin da hukuma ke tsaye da ƙafarta, kasuwa na ci, ana karɓar kuɗin fito a ƙofar gari. Hamada kuwa, wadda baƙo ke ɗauka wuri ne marar doka, tana da nata ƙa'idoji masu tsanani game da ruwa da baƙo da amana.

Ambato na farko ya zo ne daga Herodotus, marubucin Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ya ce mutanen Garamanti kan farauci wasu mazauna kogo da karusa mai dawaki huɗu. Garamanti mutanen birni ne. Fadarsu, Jarma, tana Wadi Ajal yamma da Sabha, kuma masu tonon kayan tarihi sun gano ramukan ban ruwa na ƙarƙashin ƙasa da suka haƙa, masu tsawon ɗaruruwan kilomita in an haɗa, don noman alkama da inabi da dabino. Irin wannan haƙa tana cin mutane, shi ya sa masana da dama ke ganin bayi ne suka yi ta. Ke nan wayewa da kamun mutane tare suka shigo tarihin yankin.

Marubutan Larabci suka ɗora daga nan. Ibn Abdul Hakam, wanda ya rasu a 871, ya ruwaito cewa Uƙba bin Nafi'u ya ratsa Waddan da Jarma har Kawar wajen shekarar 666, ya ɗora wa sarakunan da ya tarar harajin bayi 360 kowanne. Al-Yaƙubi, a ƙarshen ƙarni na 9, ya siffanta Zawila da ke gabas da Murzuk da cewa kasuwa ce ta fitar da bayi, ya ƙara da cewa ya sami labari sarakunan ƙasar baƙar fata kan sayar da mutane ba yaƙi ba laifi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dibalami, ikon Kanem ya kai har Fezzan, da wakili zaune a Taragan. Daga ƙarni na 16 gidan Awlad Muhammad ya mai da Murzuk fadarsa, ya riƙe ta har farkon ƙarni na 19. A duk tsawon wannan lokaci Sabha ƙaramin gari ce mai gonakin dabino, zangon ayari a hanyar Sokna.

Hukuncin shari'a a kan bautar da Musulmi bai ɓuya wa kowa ba. Wajen 1391 Mai Usman bin Idris na Barno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa yana kukan cewa Larabawan Juzam na kama Musulmi 'ya'ya suna sayar wa fataken Masar da Sham. A 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta Mi'irajus Su'ud, amsa ga tambayoyin mutanen Tuwat, ya bayyana cewa mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno da Songai Musulmi ne, bai halatta a mallake su ba, kuma launin fata ba hujjar bauta ba ne. Fatawa ta fito sarai. Sai dai dillalin da ke Murzuk ba ya tambayar yarinyar da aka kawo masa ko ta iya Fatiha, wanda ya biya kuɗinta a Kukawa kuma ba zai yarda da asara ba saboda wata takarda da aka rubuta a Tambutu.

Daga 1819 matafiyan Ingila suka fara rubuta abin da idonsu ya gani. A shekarar George Lyon ya isa Murzuk tare da Joseph Ritchie, zamanin Muhammad al-Mukni, wanda ya kawar da Awlad Muhammad ya riƙe Fezzan da sunan Yusuf Karamanli na Tarabulus. Ritchie ya mutu a can. Lyon ya koma arewa a 1820 cikin ayarin bayi, ya ba da labarin yadda ake kora su da bulala, da yadda al-Mukni ke kai hari kudu kuma yake karɓar haraji a kan kowane kai da ya shigo kasuwa. A ƙarshen 1822 Denham da Clapperton da Oudney suka kama hanyar Barno, a rijiyar Mashru suka tarar da ƙwarangwal fiye da ɗari warwatse a kewayenta. Ba 'yan fashi suka kashe waɗannan mutane ba, lissafi ne. Madugu ya auna salkunan ruwa da guzuri da kwanakin tafiya, ya san wasu ba za su kai ba, ya kuma san ribar waɗanda suka kai za ta rufe asarar.

Sabha kanta ta shiga adabi ta wata ƙofa ta ba-zata. James Richardson, mai fafutukar hana cinikin bayi, yana kan hanyar komawa daga Gat da Murzuk cikin wani ayari, ya kwana a Sabha ran 10 ga Maris 1846. Da maraice ya ji matan da ake korawa suna waƙa fiye da yadda suka saba, sai ya tambayi baransa Sa'id, wanda ke jin harshensu, abin da suke faɗa. Ashe addu'a ce. Suna tambayar Ubangiji inda ake kai su, suna tuna Barno da ni'imarta, suna roƙon a ba su takardar 'yanci. Bayanin ya kai Amurka, mawaƙi John Greenleaf Whittier ya gina waƙarsa Song of Slaves in the Desert a kansa a 1847. Muryar da ta bi ta bakin bara, ta bi ta alƙalamin Bature, ta kai ga mawaƙin da bai taɓa taka hamada ba, ba a rasa abin da ya zube mata a hanya. Whittier ma da ƙasarsa yake, inda miliyoyin bayi ke noman auduga a lokacin. Duk da haka abin da ya tsira yana da daraja. Matan da aka raba da kowace irin kariya suna nan riƙe da harshensu da addu'arsu, har da sanin cewa shari'ar iyayengijinsu ta tanadi takardar da ke 'yanta bawa.

Heinrich Barth ya ratsa Murzuk a 1850, ya isa Kano a farkon 1851. Ya lura cewa tufafin Kano na kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga birnin ba su wuce 5,000 a shekara ba. Da zai koma a 1855 ta Bilma da Murzuk, yana tare da wasu samari biyu da abokin tafiyarsa Overweg ya 'yanta, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, an kama shi yana yaro an yi ta sayarwa daga hannu zuwa hannu. A Ingila ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Wannan na cikin tsofaffin labaran zube na Hausa da aka buga, kuma daga bakin wanda aka taɓa yi wa kuɗi a kasuwa ya fito. Dorugu ba ya kururuwa. Da muryar da yake faɗin yadda Turawa ke cin abinci da wuƙa da cokali, da ita yake faɗin yadda aka raba shi da iyayensa. Ya rasu a Kano a 1912.

Irin wannan sanyin murya ne Abubakar Tafawa Balewa ya ba gwarzon littafinsa Shaihu Umar, wanda ya rubuta yana malamin makaranta a Bauchi don gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933. Shaihun na zaune a Rauta cikin almajiransa, ɗaya ya tambaye shi asalinsa, ya shiga ba da labari. Mijin mahaifiyarsa, Makau, bafade ne a Kagara. Sarki ya tura su hari, suka dawo da kamammu, sai 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla masa sharrin cewa ya ɓoye wasu bai kawo gaban sarki ba, aka kore shi daga gari. Ya kamata a tsaya a nan. A idon fada kama mutane aiki ne na yau da kullum. Abin da ake tuhuma shi ne cin rabon sarki. Daga wannan kora gidan ya watse. Aka sace Umar yana ƙarami, ya faɗa hannun masu bayi a Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi zuwa Ber Kufa a Masar, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami.

Rabon mahaifiyar ne ya biyo ta Fezzan. Ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta da alkawarin za a kai ta inda yake, aka ƙetara hamada da ita, aka sayar da ita a Murzuk, ta ƙare a Tarabulus cikin wahala. Da ɗan ya same ta ƙarfinta ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarin, Umar ya tsira da ƙyar. Wasu masu nazari na ganin littafin ya jingina komai ga ƙaddara, ya bar tsarin da ya haifi wahalar ba tare da tsawa ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ƙarfin littafin ma a nan yake. Mutumin da ya fi kowa kirki a labarin, Abdulkarim, da cinikin bayi yake ci. Yana salla, yana cika alkawari, yana son yaron tsakani da Allah, kuma hanyar da ta kai Umar ga ilimi ita ce ta kai uwarsa ga mari. Tafawa Balewa bai sasanta wannan ba, ya bar wa mai karatu. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da littafin wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976.

Zamanin da littafin ke magana a kai shi ne ƙarshen zamanin ayari. A 1831 Abdul Jalil Saif an-Nasr, shugaban Awlad Sulaiman, ya ƙwace Fezzan daga hannun Tarabulus, ya riƙe ta har 1842 da Turkawa suka kashe shi; ragowar mutanensa suka gangara Kanem, inda Barth da wani matafiyi, Nachtigal, suka tarar da su suna rayuwa da hari. A 1857 Sarkin Santambul ya haramta cinikin bayi baƙar fata, ciniki ya koma ɓoye, wani sashe ya karkata gabas ta Wadai da Kufra zuwa Bengazi. Rabe ya rushe Kukawa a 1893, Faransa ta kama Zinder a 1899 da Bilma a 1906, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juya kudu zuwa Ikko. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, ya ratsa daga Tarabulus zuwa Barno a 1906 tare da alhazai da 'yantattun bayi masu komawa gida, ya tarar da Murzuk ta soma zama kufai.

Faɗuwar Murzuk ita ce tashin Sabha. Sojan Italiya ƙarƙashin Kanar Miani sun shigo Fezzan a ƙarshen 1913, amma a ƙarshen Nuwamban 1914 mayaƙan yankin suka ƙwace barikin da ke kan tudun Sabha, Italiyawa suka janye. Sai a 1929 da 1930 Graziani na Italiya ya sake cin yankin, jama'a da yawa suka gudu Chadi da Nijar da Aljeriya. A Janairun 1943 sojan Faransa na Leclerc suka taso daga Chadi suka karɓe shi, suka yi mulki daga Sabha har Libiya ta sami 'yanci ran 24 ga Disamba 1951. A Sabha Mu'ammar Gaddafi ya yi makaranta har aka kore shi a 1961 saboda zanga-zanga, a nan kuma ya shelanta Jamahiriyya ran 2 ga Maris 1977.

Daga wannan zamani na bariki da mota da man fetur Ibrahim al-Koni ya fito. An haife shi a 1948 cikin Buzayen hamadar Libiya, bai fara karatun Larabci ba sai yana wajen shekara 12, ya yi wani ɓangare na makarantarsa a Sabha, ya wuce Cibiyar Adabi ta Gorki a Mosko, ya daɗe yana zaune a Turai. Littattafansa sun haura 80, kusan duk a hamada suke. A wurinsa hamada ce gidan doka. Buzayen littattafansa na da wani littafin kakanni, Anhi, wanda ya ɓace, ba abin da ya rage sai gutsattsarin ƙa'idojinsa a bakin dattawa: kada a taɓa zinariya, kada a kashe dabba fiye da buƙata, kada a daɗe a zango ɗaya. Lalacewa daga waje take zuwa, daga dausayi da kasuwa da bariki. Wannan ra'ayi na da dangantaka da na Ibn Khaldun, wanda ya rubuta a Muƙaddima tun 1377 cewa mutanen ƙauye da daji sun fi na birni kusa da alheri, jin daɗi kuma shi ke kwance zumuncin da ya kafa daula.

Nazif al-Hajar, wato zubar jinin dutse, ya fito a 1990. Asuf makiyayi ne da ya tashi shi kaɗai a duwatsun Masak, yamma da Murzuk, yana gudun mutane, hukumar kayan tarihi ta ɗora masa gadin tsofaffin zane-zanen duwatsu na Wadi Matkhandush. Wata rana waddan, wato ragon dutse, ya cece shi yana rataye a bakin rami, tun daga ranar ya bar cin nama. Sai ga baƙi biyu a mota, Ƙabil Adam da abokinsa Mas'ud. Ƙabil ba ya iya kwana bai ci nama ba. Da mota da bindiga mai sarrafa kanta da jirgi mai saukar ungulu, waɗanda wani hafsan Amurka mai suna John Parker ya sama masa, ya riga ya ƙarar da barewar Hamadal Hamra, yanzu waddan yake nema. Asuf ya ƙi nuna masa inda yake, Ƙabil ya ɗaure shi a jikin dutsen zanen ya yanka shi. Sunan Ƙabil ya isa ya tuna wa mai karatu Musulmi kisan farko a bayan ƙasa, amma al-Koni bai tsaya ga cewa haɗama hali ce ta ɗan Adam ba. Mafarauci a kan raƙumi kan gaji, barewa kan tsere masa, a haka kowa ya rayu shekaru dubbai. Injin ne ya cire gajiyar.

At-Tibr, garin zinariya, shi ma na 1990 ne, ya kuma fi shiga zuciya. Ukhayyad ɗan shugaban ƙabila ne, ba abin da yake so a duniya kamar raƙuminsa na hawa mai roɗi-roɗi. Raƙumin ya kamu da ƙazwa, suka sha wuya tare har kowanne ya ceci ran ɗan'uwansa, Ukhayyad ya yi bakance bai cika ba. Yaƙin Italiya ya kawo yunwa, ya jinginar da raƙumin ga Dudu, attajiri ɗan'uwan matarsa Ayur. Dudu ya ce zai mayar da shi in an saki matar, ya haɗa masa da 'yar jakar zinariya. Nan da nan magana ta bazu cewa Ukhayyad ya sayar da matarsa da ɗansa. Kunyar wannan magana ta sa ya kashe Dudu, magadan Dudu kuma suka azabtar da raƙumin har mai shi ya fito daga maɓoya suka kashe shi. Ba wanda ya karya doka a cinikin farko. Jingina ce da saki, kowanne halal a kan kansa.

Bahaushe mai karanta al-Koni zai ci karo da garinsa. Kano kan fito a littattafansa a matsayin garin fatake da bokaye masu laya, a al-Majus kuma zinariya da tsafi daga Tambutu da kudu suke tasowa su ɓata hamada. A nan rauninsa yake. Dokar kakannin da yake yabo ta zauna lafiya da bauta, bayi na wucewa a shafukansa ba su cika samun bakin magana ba. Najwa Bin Shatwan ce ta ba su baki a littafinta Zarayib al-Abid na 2016, wanda ya shafi unguwar bukkokin bayi a Bengazi a ƙarshen mulkin Turkawa, ya kuma kai zagayen ƙarshe na babbar gasar ƙagaggun labaran Larabci a 2017.

Rushewar hukuma ta zahiri ta zo wa Sabha a Satumban 2011, da mayaƙan juyin juya hali suka shiga garin. Gaddafi ya shekara 42 yana fifita wannan ƙabila a kan waccan, yana ba wasu takardar zama ɗan ƙasa yana hana wasu, da ya faɗi sai ga rumbunan makamai a buɗe da tsofaffin basussuka. A Maris 2012 faɗa tsakanin Tubawa da Awlad Sulaiman ya ci kusan mutum 150, ya sake tashi a Janairun 2014. A Ubari Buzaye da Tubawa suka yi yaƙi daga 2014 har farkon 2016. A Nuwamban 2016 birin wani mai kanti ya fizge mayafin wata 'yar makaranta, abin ya zama yaƙi da tankoki tsakanin Awlad Sulaiman da Gadadfa, aƙalla mutum 16 suka mutu. Jaridun duniya sun ɗauki labarin birin da dariya, alhali rigimar ta iko ce da hanyoyin fasa-ƙwauri. Mafi yawan tsagaita wutar da aka samu a waɗannan shekaru dattawan ƙabilu ne suka ƙulla ta, da zaman sulhu da maganar diyya. Tun Janairun 2019 garin na hannun rundunar Khalifa Haftar.

A cikin wannan hali tsohuwar hanyar ta farfaɗo. Motocin Hilux na tashi daga Agadas cike da 'yan ci-rani, su bi Dirku da Madama da Tummo da Gatrun, Sabha ce babban zangonsu na farko a Libiya. Wanda bai biya kuɗin mota ba, ko aka ce bai biya ba, direba kan miƙa shi gidan bashi. Mai gidan ya biya direba, bashin ya koma wuyan fasinja, a kira danginsa a waya yana ihu har sai an turo kuɗin fansa. Wanda ba shi da mai biya a sayar da shi ga wani gidan ko a sa shi aikin gini da gona. A Afrilun 2017 hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta buga shaidar wani ɗan Senegal da ya ce an kai su wani fili a Sabha inda ake cinikin mutane, da taimakon 'yan Afirka ta Yamma da ke yi wa masu gidajen aiki. Wannan ma ciniki ne mai tsari, da farashi da dillali da tafinta da hanyar tura kuɗi. Dokar da Nijar ta kafa a 2015 don hana safarar baƙin haure ta tura direbobi hanyoyin da ba rijiya, gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023.

Adabi na biye da abin a hankali. Abubakar Hamid Kahal, ɗan Eritiriya da ya daɗe a Libiya, ya buga Titanikat Afriƙiyya a 2008, tun Gaddafi na kan mulki, labarin matafiya da suka ratsa hamada daga Sudan suka jira kwalekwale a Tarabulus. A 2023 Matteo Garrone na Italiya ya fitar da fim ɗin Io Capitano, wanda aka gina a kan shaidar waɗanda suka yi tafiyar. Wasu samari biyu daga Dakar suka bi ta Agadas, ɗaya ya faɗa gidan azaba a Sabha, wani magini dattijo ya ja shi a jiki aka sayar da su tare ga wani attajiri. Suka gina masa katanga da maɓuɓɓugar ruwa, aikin ya burge shi, ya sallame su ya biya musu kuɗin mota zuwa Tarabulus. Fim ɗin ya ci kyautar Zakin Azurfa a bikin Venis na shekarar, sassansa na hamada da na Sabha kuwa a Maroko aka ɗauke su.